Injin turbo mai batirin bolt 48: zai jure man Kaduna da zafinta kuwa?

Wani bawan Allah daga Unguwar Rimi ya aiko da tambaya. Ya ce shekara shida ke nan yana hawa Lexus RX 350 ƙirar 2017, ba ta taɓa kwana a gareji ba. Yanzu dila ya nuna masa Mercedes GLE 450 ƙirar 2021 da aka shigo da ita daga Amurka, an ce masa injinta turbo ne kuma “rabin haibirid”, ba ta shan mai. Yana son sanin ƙarfin injin, da kuma ko zai yi ƙarko a nan, domin zirga-zirgarsa tsakanin Kaduna da Abuja ce, sai Zariya jefi-jefi.

Alhaji, barka da ƙoƙari, kuma ka kyauta da ka tambaya tun kuɗin na aljihunka. Ƙarfen injin nan ba abin tsoro ba ne. Fistin da kiranshaf da kan silinda duk an yi su da inganci, ba kasafai suke kawo mota gareji ba. Abin da ke kwantar da irin waɗannan motoci a garinmu shi ne abin da ke kewaye da ƙarfen: man da ake zuba mata, wutar bolt 48 da wanda ke taɓa ta, sai zafi da ƙura.

Da farko a raba maka zare da abawa kan kalmar haibirid, domin dillalai na cakuɗa ta. Cikakken haibirid shi ne irin na Toyota Prius ko Lexus RX 450h, mai babban batiri mai ɗaruruwan bolt, wanda na'urar lantarkinsa kan ja mota ita kaɗai inji na kashe. Wanda aka nuna maka ba haka yake ba. Injin fetur ne cikakke, aka cire masa altaneta da kik, aka sa na'ura guda da ke yin aikin su biyun, ta kuma ɗan tura inji lokacin tashi. Tana da ƙaramin batirin litiyam na bolt 48 wanda abin da yake riƙewa bai fi kilowat-awa 1 ba. Idan ka ɗaga ƙafa daga totur ko ka taka birki, na'urar ta zama janareta ta cika batirin. Idan ka taka, ta mayar da wutar ta taimaki inji kafin turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji iska, ya cika. Batirin bolt 12 da ka sani yana nan, shi ke riƙe da fitilu da kwamfutocin mota, kuma akwai wani akwati tsakaninsu da ke sauko da wuta daga 48 zuwa 12.

Dalilin zaɓar 48 lissafi ne. In ana son kilowat 12 daga bolt 12, sai wayar ta ɗauki amfiya 1,000, wato waya mai kaurin da ba za ta shiga mota ba. A bolt 48, amfiya 250 ta wadatar. Sannan 48 na ƙasa da bolt 60, iyakar da daga ita doka ke tilasta kariya mai tsada irin ta motocin lantarki. Kada wannan ya sa a raina ta. Ba za ta kama mutum kamar wutar Nepa ba, amma sifana ta haɗa kan batirin da jikin mota, tartsatsin da zai tashi ya isa ya narkar da ƙarfe ya ƙone hannu.

Injin da ke cikin GLE 450 sunansa M256. Silinda shida ne a jere, lita 3.0, ya fara fitowa a 2017 cikin S-Class. Ƙarfin dokinsa 367 a ma'aunin Turai, 362 a na Amurka, ƙarfin murɗawarsa kuma Nm 500, yana ba da shi tun daga juyi 1,600 a minti. Lexus ɗinka na da doki 295 da Nm kusan 362, kuma sai ta kai juyi 4,700 take ba da shi duka. Bambancin nan za ka ji shi a bayanka ranar da ka fito wuce tirela a hanyar Zariya: kafin ka gama taka totur ka wuce. Na'urar lantarkin, wadda Mercedes ke kira EQ Boost, tana zaune ne tsakanin inji da giyabos mai giya tara, tana ƙara doki 22 da Nm 250 na ɗan lokaci. Abin da ya fi burge ni shi ne injin ba shi da fanbel ko ɗaya. Famfon ruwa na lantarki ne, kwamfiresan esi ma na lantarki ne. Shi ya sa in ta kashe kanta a cunkoson Ahmadu Bello Way, sanyi ba ya yankewa, kuma tashinta ba ka jin kukan kik, sai dai ka ga allura ta motsa. Akwai babban wansa mai doki 435 a cikin AMG 53, wanda aka ƙara wa wani kwamfiresan iska na lantarki mai kaiwa juyi 70,000 cikin ƙasa da rabin daƙiƙa.

Abokan gogayyarsa uku ne da za ka gani a wurin dillalai. BMW na da B58 a cikin X5 40i, shi ma shida a jere lita 3.0, ya fito tun 2015 ba tare da lantarkin ba, aka ƙara masa daga baya. X5 ƙirar 2023 na ba da doki 380. Audi na da 3.0 TFSI mai siffar V a Q7 da Q8 da A8, doki 340, Nm 500, na'urarsa da bel take haɗe da inji. Range Rover P400 na 2019 kuma doki 400 ne da Nm 550.

Maganar “ba ta shan mai” kuwa, a ajiye ta gefe. Audi da kansu sun ce tsarin nasu na rage abin da bai wuce lita 0.7 ba a kowace kilomita 100. Daga nan zuwa Abuja kimanin kilomita 190 ne, ka ga zuwa da dawowa ragin bai kai lita uku ba, kuma a doguwar hanya inda ba a yawan taka birki ma ya fi haka ƙanƙanta. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kowa na lissafin lita, na sani, amma wanda ya sayi motar da ta haura tan biyu don tsimin mai ya yi kuskuren lissafi. An ƙirƙiro tsarin ne don cika dokokin hayaƙi na Turai da kuma laushin tuƙi. Laushin gaskiya ne. Tsimin kaɗan ne.

Yanzu ga wurin da nake so ka karanta sau biyu. Idan ka buɗe murfin tankin motar da ta fito daga Amurka, za ka ga an rubuta lamba 91. Sai dila ya ce maka ai man Najeriya ma 91 ne, magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Ma'auni biyu ne daban. Amurka na amfani da AKI, mu da Turai muna amfani da RON. Lamba 91 ta Amurka daidai take da kusan 95 a namu, shi kuwa 91 ɗinmu, wanda shi ne mafi ƙarancin da ƙa'idar fetur ta Najeriya ta yarda da shi, kusan 87 ne a nasu, wato mafi arhar mai a gidajen mansu. Lexus ɗinka an yi ta ne don ta sha 87. Wannan na cikin sirrin da ya sa shekara shida ba ta ba ka ciwon kai ba: abin da take so shi ake sayarwa a kowane gidan mai daga Kawo zuwa Kakuri. GLE kuwa kullum za ta riƙa cin abin da bai kai nata ba.

Abin da ke faruwa a ciki shi ne, turbo na cusa iska da ƙarfi, silinda na matse ta, zafi ya hau. Man da lambarsa ta yi ƙasa sai ya kama da kansa kafin wutar fulogi ta gama bi ta kansa, ya doki kan fistin kamar guduma. Injin na da na'urar da ke sauraron wannan ƙwanƙwasa, da ta ji sai birenbos ya jinkirta wutar fulogi ya rage matsin turbo. Don haka motar ba za ta fashe gobe ba. Amma dokin nan 367 da ka biya kuɗinsa ba za ka same shi duka ba, shan mai zai ƙaru, hayaƙi zai fita da zafi fiye da kima ya riƙa gasa turbo da indomi, wato matatar hayaƙi da ke cikin salansa. Mafi hatsari shi ne rana tsaka a watan Afrilu, mota cike da iyali da kaya, esi na aiki, ka danne totur har ƙasa daga ƙaramin gudu. Littafin motar kansa ya ce in dole ta sa an zuba ƙaramin mai, a guji danne totur. A nan wannan dolen ta kullum ce.

Kuma wannan in man ya cika 91 ɗin ke nan. Ba mu manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai methanol fiye da ƙa'ida, motoci suka yi ta mutuwa a Legas da Abuja. Nozul ɗin waɗannan injina kai tsaye yake fesa mai cikin silinda da matsin da ya kai bar 200 a ma'aunin matsi, wasu har 350, ta ramukan da ido da ƙyar yake gani. Ɗan ruwa ko laka daga jarkar 'yan bumburutu ya isa ya lalata famfon da nozul shida. Ka zaɓi gidan mai guda ko biyu masu yawan ciniki ka tsaya a kansu, kada ka sha mai lokacin da tanka ke juyewa, kada ka bar tanki ya sauka ƙasa da kwata. Game da ruwan kwalba da ake cewa yana ƙara lambar mai, yawancin na kasuwa abin da suke ƙarawa bai taka kara ya karya ba, masu ƙarfin kuma sau da yawa sinadarin ƙarfe ne a ciki. In ka ciro fulogi ka ga bakinsa ya yi ja kamar bulo, aikinsu ne, kuma haka suke yi wa na'urar auna hayaƙi.

Sai wutar bolt 48. Ni a kan fijo 504 na koyi aiki, irin wadda a da ake haɗawa a Kakuri, motar da in batiri ya mutu yara huɗu sun isa su tayar da ita. Ina ganin girman masu gyaran Panteka, da hannunsu suke ƙera abin da babu shi a kasuwa. Amma wannan mota ba a gane ciwonta da kunne ko da gwada waya a jikin bodi a ga tartsatsi.

Bara an jawo mana wata mota ta wannan aji a bayan babbar mota. Mai ita ya tafi Umara a azumi, daga can ya wuce wata ƙasa, mota ta yi mako bakwai a rumfa ba a taɓa ta ba. Da ya dawo ta ƙi ko motsi. Direba ya kira rewaya, aka kawo batirin janareta aka yi ta jan wuta, dashbod ya cika da jan rubutu, inji shiru. Aka sayi sabon batirin bolt 12, shiru. Har an fara maganar birenbos ya ƙone. Da muka sa kwamfuta sai muka ga batirin litiyam ɗin ne ya yi ƙasa ya rufe kansa, kuma ita irin wannan da shi take tashi. Na kwanta a ƙarƙashin sitiyari da tocila, sai ga wata siririyar jar waya an fere ta an murɗa a jikin wayar da ba ta mutuwa, an naɗe da baƙin salatif har ya fara narkewa yana danƙo a yatsa. Na'urar bin sawun mota ce aka ɗaura, tana tsotsar wuta dare da rana, ta hana kwamfutocin motar yin barci. Muka cire ta, muka sa caja mai daidaita wuta ta kwana, muka goge laifuffukan da kwamfutar motar ta adana. Allah Ya taimake shi batirin ya farfaɗo. Da ya ƙara wasu makonni, sai an yi odar sabo daga waje, a jira, sannan a gabatar da shi ga kwamfutar motar kafin ta karɓe shi.

Don haka duk wanda zai ɗaura maka tiraka ko kyamara ko ƙarin sifika, ya zama ya san motar. In za ka yi doguwar tafiya, a sa mata caja mai kula da batiri, ko a riƙa fita da ita ana tuƙawa rabin awa duk mako. Kunna ta a tsaye minti biyar ba ya biyan bashin wutar da tashin ya ci.

Kamfanonin ma suna da nasu laifin. A 2024 Mercedes ta yi kiranyen GLE da GLS sama da 100,000 a Amurka, wato a mayar mata da su a gyara, saboda wayar ƙasa ta bolt 48 da ke ƙarƙashin kujerar mai zaman banza na iya kwancewa ta yi zafi har ta jawo gobara. Gyaran ɗaure noti ne kawai, amma motar da ta bar Amurka kafin lokacin ba wanda ya ɗaure mata. Ka ɗauki lambar bodi mai harafi 17 ka sa a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, kyauta ne, zai nuna maka ko akwai kiranyen da ba a yi ba. A ɓangaren Audi, na'urar nan mai bel ita ce aka fi kuka da ita a ƙirar shekarun farko: in ta mutu caji ya tsaya gaba ɗaya, mota ta yi ta kashe abubuwa ɗaya bayan ɗaya har ta tsaya a hanya. Sauƙinta ita a gaban inji take, ana cirewa a sa wata. Ta Mercedes ba ta cika mutuwa ba, amma ranar da ta mutu sai an sauke giyabos.

Abin da ya fi wannan tsoratar da ni shi ne motar ambaliya. Da yawa cikin motocin da ake shigowa da su an saye su ne a gwanjon motocin haɗari irin su Copart da IAA. Wadda aka buga a gefe ana gyara ta ta zauna lafiya. Wadda ruwa ya shiga kuwa, za ta yi wata uku tana ƙyalli, sannan kore-koren tsatsa ya fara cin soket ɗaya bayan ɗaya. Ka ɗaga kafet ka sa hannu a soson ƙasa, ka leƙa ƙarafan ƙarƙashin kujera, ka ja bel ɗin kujera har ƙarshe ka duba ko akwai layin laka. Haka nan in ta zama taka, a watan Agusta kada ka bi sahun masu Hilux cikin ruwan da ya rufe titi, kuma ka hana masu wankin mota sa injin feshi a ƙarƙashin bonet.

Zafi kuma. Al'adarmu ce mota na sauka a cire mata tamostat a haɗa fanka kai tsaye, wai ta Turai ce ba ta san rana ba. Kada ka bari a gwada wannan a nan. Kwamfuta ce ke juya famfon ruwan gwargwadon buƙata, har bayan ka kashe mota yakan ci gaba da zagaya ruwa don turbo ya huce. Sannan hanyar ruwa biyu ce, ɗaya ta inji, ɗaya mai sanyaya iskar turbo. Ruwan rijiya ko na leda ba ya shiga ko ɗaya, sai kulan da kamfani ya ƙayyade. Duk bayan hunturu a wanke tsakanin lagireto da na esi, domin ƙura da ƙwari kan toshe wurin kamar bargo. In jan rubutun zafi ya fito, ka tsaya nan take ko da a Tafa kake. Bulok ɗin alminiyam ne, kuma bangon silindarsa wani siririn shafe ne aka fesa, ba hannun riga ba ne da za a kai a yi wa borin a sa fistin mai girma. Wannan shafen ne ma ya sa filtar iska ta zama babbar magana. Hazon Disamba da Janairu ya shige ta filta ta jabu ko wadda aka huda da iskar bulawa, ya zama sanfefa a cikin silinda. A canza ta, kada a kaɗe.

Baƙin mai ma haka. A Amurka mil 10,000 ake ba shi, kusan kilomita 16,000. A ganina a Kaduna kada ya wuce kilomita 7,000 ko wata shida, saboda ƙura da cunkoso da ingancin fetur. Ka duba lambar amincewar Mercedes mai farawa da 229 da ke littafinka, ka tabbata tana jikin galan, ka saya a inda ba a sayar da jabu. In bakanike ya ce man ya yi ruwa-ruwa a sa mai kauri irin 20W-50, ka ɗauke motarka. Hanyoyin mai na turbo da na sarrafa bawul matsattsu ne, da siririn mai aka auna su. Esi ma kafin a ƙara masa gas a karanta takardar da ke manne a ƙarƙashin bonet, domin sababbin motoci da yawa R1234yf suke sha ba R134a da aka saba ba, kuma kwamfiresan lantarki na da irin mansa.

In ka ce in jera su, ni B58 nake sa wa gaba wajen ƙarko, don ya daɗe a hanya an san halinsa, har Toyota ta ɗauke shi ta sa a Supra, ko da yake shi ma robobin hanyar ruwansa kan fara yoyo in ya tsufa. M256 na biye, kuma ya fi su daɗin tuƙi a cikin gari. Audi sai na ga shaidar an canza na'urar cajin. Range Rover kuwa ba na ba wanda motarsa ɗaya ce tak shawarar ta.

Ga abin da zan ce maka kai tsaye, Alhaji. In GLE ɗin za ta zama mota ta biyu, Lexus na nan a gida, kuma ka samu mai gyaran da ke da kwamfutar Mercedes ta ainihi a nan ko Abuja, saye ta, za ka ji daɗinta. In kuwa sai ka sayar da Lexus za ka cika kuɗin, kuma ita ce za ta kai yara makaranta ta kai ka ƙauye gaisuwa, ka dakata. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma gara ya sani tun a kasuwa.

In ka yanke shawarar saye, ka ce wa dila kada a kunna ta kafin ka iso, ka je da sassafe ka taɓa inji ka ji shi da sanyi. A sa kwamfuta a karanta dukkan sassan motar, ba inji kaɗai ba, a duba lafiyar batirin bolt 48 da na 12, a kuma duba ko an goge laifuffuka kwanan nan. Sannan ku fita da ita ta baifas har Mando ku dawo, esi a kunne, ku sake sa kwamfutar kafin a kashe. Dilan da ya ƙi yarda da wannan, ka bar masa motarsa.